Bawa Mai Kai Waya Taraba

In ka ji ana yabon Bawa a kasuwar kifi ta bakin gada, ka duba mai yabon da kyau. Ko dai baƙo ne, ko kuma a hannun Bawa yake cin abinci. Ni ba na cikinsu. Sunana Khadijah, a kasuwa Dija ake ce mini, 'yar Wuro Hausa ce ni, kuma itace nake sayar wa masu banda a Jimeta tun shi bai san hanyar kasuwar ba. Ba na gaishe shi, shi ma ya sani. In ya hango ni sai ya manna waya a kunne ya yi kamar ana kiransa.

Ɗan Ngurore ne. Ubansa manomi ne, mutumin kirki, amma Bawa bai taɓa riƙe fartanya har hannunsa ya yi kanta ba. Ya shigo Jimeta lokacin da wayar hannu ta fara zuwa, lokacin da sai wane da wane ke iya sayen layi. Ya samu tebur da lema da kujerar roba a ƙofar kasuwa, ya ajiye waya guda, a zo a buga a biya shi. A nan na fara saninsa. Sauran masu lema, in ka karɓi waya sukan kau da kai su ba ka wuri ka yi maganarka. Bawa kuwa sai ya jawo kujera kusa, wai agogo yake dubawa. Kafin a jima ya san wanda matarsa ta yi yaji, ya san inda kowa ke saro kayansa, ya san wanda ke yi wa maigidansa ƙarya. In faɗi gaskiya bai taɓa yaɗa maganar kowa ba. Ajiyewa yake yi a cikinsa, kuma wannan ne ya sa tun a lokacin jinina bai haɗu da nasa ba.

Da layi ya yi araha kowa ya sayi wayarsa, sana'ar lema ta mutu. Ya koma sayar da kati, masu kati suka yi yawa. Ya koma cajin waya da wani ƙaramin janareta mai tari kamar tsohuwar akuya, janaretan ya ƙona wa mutane batura, aka kusa dukansa. Daga nan sai ya zama ɗan zaman inuwa. Inuwar da ya zaɓa kuwa ita ce rumfar Adda Keturah.

Adda Keturah 'yar Numan ce, matar marigayi Zadok malamin firamare. Ta girme ni, shi ya sa nake ce mata Adda, kuma rumfarta na jikin inda nake tara itacena. Kifi take bandawa, tarwaɗa da ragon ruwa da karfasa, wani lokaci giwan ruwa in masunta sun yi sa'a. Murhunta jere suke a bayan rumfa, mata suna aiki a ƙarƙashinta, wasu wanki, wasu lanƙwasawa, wasu juyi. Rabin itacen da nake sayarwa ita ke ƙonawa. Duk wannan hayaƙin kuwa a kan mace ɗaya ya tsaya, wata 'yar kasuwa a Anacha mai suna Madam Chinwe, wadda ke kwashe kusan duk abin da Adda ta banda.

Su biyun ba su taɓa ganin juna ba. Wani direban babbar mota ne ya haɗa su da lamba, shekaru da yawa baya. Madam ta yi yarinta a Jos, tana jin Hausa irin tasu, kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji. Kullum da safe wayar Adda za ta yi ƙara, ta goge hannu a zane ta ɗauka, su fara da lafiyar yara, su yi ciniki, su yi faɗa, su shirya, su rufe da dariya. Ranar da Zadok ya rasu Madam ta kira ta yi mata addu'a a waya har muryarta ta dushe. Da cinikin nan Adda ta riƙe gidanta ta sa 'yarta Debbie a makarantar koyon jinya. Ba ta da wata kadara da ta wuce muryar matar nan a cikin wannan ƙaramar wayar mai ɗaure da roba.

Bawa yana zaune a gefe yana jin duk wannan, ana zuba masa tuwo da kan kifi. Adda yake ce mata, har da ɗan rusunawa.

A shekarar 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a jiharmu, aka wayi gari babu sabis. Da farko kowa ya ɗauka wayarsa ce ta lalace. Aka cire batir aka mayar, aka goge sim da bakin riga, aka hau kan buhuna ana ɗaga hannu sama. Sai labari ya zo cewa an rufe layukan ne gaba ɗaya saboda tsaro, kowane kamfani, kuma babu wanda ya san ranar buɗewa. Masu manyan shaguna suka riƙa cika gidajen intanet masu faranti a kan rufi suna tura saƙo. Mu 'yan kasuwar kifi me muka sani a wannan? Mu da baki muke ciniki. Kifi kuma ba ya jira. Masunta suna kawowa, ana bandawa, kwalaye suna taruwa, babu hanyar da za a ji ko Madam tana so, ko wace mota za a sa wa.

Aka ce in mutum ya bi hanyar Mayo Belwa ya tsallaka cikin Taraba, wajen Zing, akwai sabis. Adda ta je da kanta sau ɗaya. Ta fita da sassafe, ta sha sauka da hawa a shingayen sojoji da gwiwarta mai ciwo, ta samu Madam, suka yi magana, ta dawo dab da lokacin hana fita. Ta tarar matan sun bar wuta ta yi yawa, kifin murhu biyu ya zama gawayi. Ta zauna a kan kututture tana kallon gawayin.

A nan Bawa ya miƙe daga inuwa. Ya samo buhun shinkafa wanda aka zazzage, ya bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya yana cewa duk mai saƙo ya ba shi wayarsa. Zai manna sunan mai ita a baya, ya kai ta inda sabis yake, ya kira wanda za a kira, ya jira amsa, ya dawo da ita kafin yamma. Ya ce da wayar mutum ya fi, domin in abokin ciniki ya ga lambar da ya sani zai ɗauka ya kuma yarda. Mutane suka yi ta zuba wayoyi a buhu kamar ana tara zakka.

Na ce wa Adda, "Kada ki ba shi. Ki bar ni in kula da wutar, ke ki riƙa zuwa."

Ta ce, "Dija, ke itace kika sani, ba ki san juyin kifi ba. Kuma gwiwar nan ba za ta kai ni ba. Bawa ai ɗan gida ne."

Na ce ɗan gidan wa. Ta yi dariya ta ce na cika zargi, ta kwance wayar daga bakin zane ta miƙa masa.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi wahala. Kullum yana tasha tun gari bai gama wayewa ba. A kowane shinge sai ya sauka ya buɗe buhu ya yi bayani, domin mutum da wayoyi cike da buhu a wancan lokacin abin tuhuma ne. Bakinsa ya fitar da shi, ya ce shi ɗan aiken 'yan kasuwa ne, har sojojin suka saba da shi. Da yamma ya dawo da ƙura har gira, ya zauna ya rarraba wa kowa wayarsa da amsarsa. Ga Adda kuwa sai ya zo da labari mai daɗi: Madam ta gaishe ta, tana son kaza, a sa wa motar wane. Kwalaye suka fara tafiya. Kasuwa duk ta ɗauki sunan Bawa, har wata ta ce Allah ne ya aiko shi.

Bayan 'yan kwanaki ya ce mata, "Adda, wayar nan a hannunki yanzu tocila ce kawai. Ki bar ta a wajena, kada in riƙa karɓa ina mayarwa har ta faɗi." Ta bar masa. Da aka ɗan jima ya ce batirin wayar ba ya riƙe caji, rana ba ta rabawa yake mutuwa, don haka ya ba Madam tasa lambar saboda ko ta kira ta same shi. Gaskiya ne, batirin ya tsufa. Bayan wannan ya ce direbobi suna ƙorafi, in sun isa hanya suna neman mai kaya ba sa samu, gara a riƙa rubuta sunansa da lambarsa a jikin kwali. Wannan ma gaskiya ne. Abin da ke ƙona mini rai har yau ke nan, duk maganar da ya kawo tana da kan gado, babu inda za ka kama shi ka ce ga ƙarya.

Ni dai kunnena na kan bakinsa. Da farko "Madam ta ce a gaya miki" yake cewa. Sai ya koma "Madam ta ce mini." Daga baya sai na ji "mun shirya da Madam." Na gaya wa Adda. Ta ce in bar yaron mutane ya ci abinci, ai tana sallamarsa kuma kifi yana tafiya, me kuma nake so.

Cikin damina sabis ya dawo. Ina tsaye ina sauke itace na ji wata waya ta yi ƙara a rumfar masu barkono, sai wata, sai kasuwa duk ta ɗauka. Mata suna guɗa, wani yana ta ihu a waya yana gaya wa ɗan'uwansa yana nan da rai. Bawa ya zo da wayar Adda a cikin sabuwar riga ta roba mai ruwan hoda, ya sa mata sabon batir, ya miƙa da hannu biyu ya ce kyauta ce. Ta yi ta sa masa albarka. Ta ajiye wayar a kan tebur kusa da ita, ta ci gaba da aiki tana waiwayenta.

Ranar ba ta yi ƙara ba. Washegari ma haka. A rana ta gaba Adda ta sa kati ta kira da kanta, ina zaune a gefenta, kuma wayar irin mai ƙarar nan ce, ina jin komai. Madam ta yi murna ƙwarai, ta tambayi Debbie, ta tambayi gwiwa, ta ce ta yi ta sa Jimeta a addu'a. Da Adda ta kawo maganar kifi sai ta ce, "Ai na gama magana da ƙaninka tun jiya."

Adda ta ce, "Wane ƙanina?"

"Bawa mana."

"Madam, ba ƙanina ba ne. Aike na ba shi saboda babu sabis. Yanzu ga ni."

Madam ta ce ita dai ta ji daɗin aiki da shi. Layi uku gare shi, kowane kamfani da nasa, in ɗaya ya ƙi ɗaya zai shiga. Ko yaushe ta kira yana ɗauka, ba kamar Adda ba da in tana gaban wuta sai an yi ta kira. Ya sayi babbar waya, yana turo mata hoton kifi ta gani kafin a ɗaure kwali. Kuma in kifin Adda bai isa ba yana cikowa daga wasu rumfuna. Ta ce, "Ka ba shi kifin kawai, shi zai turo. Duk ɗaya ne ai."

Ba ɗaya ba ne, kuma dukanmu mun sani. Ashe tun yana zirga-zirgar Zing ya zagaya ya shirya da wasu masu banda a ƙasan kasuwa, waɗanda za su ba shi a yadda ya ga dama. Adda da take da mai saye ta koma ɗaya daga cikin masu jiran Bawa ya zo ya taya.

Ban iya haƙuri ba. Na same shi a gindin bishiyar da yake zama, wayoyi uku jere a cinyarsa, na ce masa maci amana, na ce tuwon da ya ci a rumfar nan sai ya fito masa ta hanci. Mutane suka taru. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Goggo Dija, me na sata? Waya aka ba ni, na mayar, har da sabon batir. Madam ba akuya ba ce da zan ja ta da igiya. Lambar Adda tana wajenta, in tana so ta kira ta." Na ɗaga itacen da ke hannuna, aka riƙe ni. Shugaban 'yan kifi ya zauna a kan maganar, ya saurari kowa, ya ce shi bai ga sata ba, ciniki ne ya koma inda ya fi masa sauƙi. Na ce masa Allah ya isa, shi da Bawan duka, aka ce in fita.

Adda ba ta yi faɗa da kowa ba, amma ta rantse ko ƙaya ɗaya ba za ta sayar wa Bawa ba. Ta sayi sim na biyu. Debbie ta haɗa mata wata babbar waya ta hannu, ta koya mata sa data da ɗaukar hoto. Sai ka ga Adda da hannu duk mai da toka tana dangwalar gilashi, hoton ya fito rabi kifi rabi ƙafarta, ta tura wa Madam. Madam ta amsa da cewa ya yi kyau, Allah ya ba da kasuwa. Ta nemi wasu masu saye a Jalingo da Gombe, aka samu 'yan ƙanana, masu ɗaukar kwali ɗaya su ɓace. Murhu suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Matan da ke mata aiki suka zame suka koma ƙasan kasuwa, wajen masu ba Bawa. Debbie ta dawo gida ta zauna zango guda saboda rashin kuɗin makaranta. Itacena ma ya riƙa kwana yana shan ruwan sama.

Shi kuwa sai gaba. Ya kama shago, ya sa akwatin intanet mai ƙyafta ido a kan kanta, ya yi gida a unguwar Ajiya, ya auri mace mai aikin gwamnati. Yau in ƙaramin ɗan kasuwa zai sayi layi ko data sai a ce ya je ya tambayi Oga Bawa wanne ya fi ja a bakin kogi, shi kuma ya karkace hula ya yi ta ba da shawara kamar shi ya kafa ƙarfen sabis ɗin. Adda kuma tuni ya daina ce mata Adda. Ya koma Madam Keturah, daga baya Keturah kawai.

Abu ɗaya ya riƙe ta a wannan lokacin. Takan ce mini, "Dija, matar nan ba ta taɓa ganina ba ne. Waya ce ta haɗa mu, waya ta raba mu. Ranar da ta gan ni ido da ido, ta ga murhuna, ta ɗanɗana a gabana, za ta dawo." Ta faɗi wannan har na fara yarda.

Da rani ya zagayo sai muka ji Madam Chinwe za ta zo Jimeta da kanta, Bawa zai zagaya da ita ta ga inda kayanta ke fitowa. Adda ta tashi tsaye. Ta je bakin kogi ta tare masunta ta zaɓi giwan ruwa da manyan tarwaɗa. Na ba ta busasshiyar kiryar da nake ɓoyewa, ban karɓi komai ba. Ita da kanta ta tsaya a kan wutar, ba ta bar kowa ya taɓa ba. Kifin ya fito ja yana ƙyalli, ƙamshinsa har bakin titi. Ranar zuwan ta ɗaura zanen da take zuwa coci da shi, ta share rumfa, ta aro kujera mai hannu.

Da hantsi suka shigo. Madam gajeriya ce mai jiki, da tabarau da jaka a hammata, ba yadda muka zata ba. Bawa yana gaba yana nuna mata rumfuna, ya so ya wuce tamu ya yi ƙasa da ita. Adda ta fito ta tsaya a hanya ta ce, "Madam, sannu da zuwa. Ya hanya?"

Matar ta tsaya cak. Ta cire tabarau ta ce, "Keturah? Kai ne?" Ta saki jaka ta rungume ta, su biyu suna kuka a tsakiyar kasuwa. Ta zauna a kujerar, ta riƙe hannun Adda ba ta saki ba, ta tambayi Debbie, ta tuna ranar rasuwar Zadok, ta ce muryar nan ko a cikin barci ta ji ta za ta gane. Adda ta ɓare mata giwan ruwa ta miƙa. Ta ci, ta lumshe ido, ta ce tun da take sayen kifi ba ta taɓa samun hannu irin wannan ba, kuma kwastomominta har yau suna tambayar irin na da. Adda ta waiwayo ta dube ni, fuskarta duk ta buɗe. Ni ma har na fara gode wa Allah a zuciyata.

Sai Madam ta goge yatsu ta juya ta ce, "Bawa, wannan duka ka sa mini a kayan wannan mako. Ka shirya da Keturah."

Adda ta ce, "Madam, ai ga ni a gabanki. Mu yi maganarmu kamar da."

Madam ta dafa kafaɗarta ta ce, "Na sani, 'yar'uwa. Amma ka bi ta wajensa, ya fi mini sauƙi. Kaina ba ya ɗaukar kiran mutane da yawa yanzu." Ta ɗauki jakarta, ta ce za ta kira a gaisa, ta bi wata mata da ke jan ta zuwa rumfar gaba.

Bawa ya tsuguna a gaban tiren. Ya ɗauki tarwaɗa ɗaya ya juya ta, ya danna cikinta da babban yatsa, ya shinshina, ya ce, "Keturah, wannan bai gama bushewa ba, amma zan duba miki." Na buɗe baki, Adda ta riƙe mini hannu ta matse har ya yi zafi. Ta daɗe tana kallon kifin. Sannan ta shiga rumfa ta jawo kwali, ta durƙusa da zanen cocinta a kan toka ta fara jerawa.

Da suka tafi sai na tambayi Adda itacen gobe, ko in sauke mata kamar na yau. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Dija, ki bari tukuna in ji kwali nawa zai ce."